Gizo-gizon da Goggo Ta Kai Gindin Wuta

Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta yaye ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni, na zauna a hannunta har na isa shiga makaranta, sannan aka mayar da ni gidanmu a unguwar Misfala, cikin Makka. Amma riƙo ba ya ƙarewa don an mayar da yaro. Mijinta, wanda nake kira Baba, ya samu gadin wani lambun inabi da fure a Hada, can bisa duwatsun da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa. Masu lambun sukan sauko gari idan sanyi ya shigo, su bar Baba da Goggo da iska. Duk shekara a lokacin nan mahaifina yakan ce in ɗauki littattafaina in hau in taya su zama. Shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa ne, ina saurayi, ina karatu a wajen malaman Harami, kuma an san ni da rashin magana.

Akan bi ta Mina, a wuce Muzdalifa ba kowa sai tsakuwa, a wuce Arfa, sannan a hau dutsen Kara a kan alfadari, birai suna kallon mutum daga bisa. Wanda ya girma a Makka bai san sanyi ba sai ya kwana a Hada. Gajimare yakan sauko ya shiga tsakar gida. Ruwan da ya kwana a waje yakan wayi gari da ɓawo a samansa, sai an fasa da ludayi.

A katangar duwatsu da ke tare ƙasar lambun na fara ganin abin. Na ɗaga wani dutse, sai ga saɓar gizo-gizo a ƙarƙashinsa, ƙafafu takwas cif, da gashi, faɗinta ya kusa tafin hannun yaro. Na daɗe tsugune ina juya ta da tsinke. Na taɓa karanta labarin irin wannan babban gizo-gizon a littafin dabbobi na Larabci, inda ake kiransa rutaila, kuma yadda na fahimta halittar ƙasar zafi ce. To me ya kawo shi inda ruwa ke daskarewa? Mutuwa yake yi idan sanyi ya zo, ko kuwa yana da dabara? Ban tambayi kowa ba. Na san abin da za a ce: Allah ya fi ƙarfin haka. Gaskiya ne, amma ba amsar tambayata ba ce.

Shekarar nan ban samu komai ba sai kunamu. Wadda ta biyo baya ma haka. Amma na koyi aikin. Ana ɗaga dutse ne ta yadda bakinsa zai buɗe can gaba, don abin da zai gudu ya gudu nesa da ƙafarka. Ana mayar da shi daidai yadda aka same shi, a kan shatinsa, domin gidan wani ne. Na gane cewa gefen katangar da hantsi ke fara dukansa ya fi samun rai, kuma rami mai yana a bakinsa daban yake da ramin ɓera. Yatsuna suka tsattsage. Goggo tana ta faɗa wai zan jawo wa kaina aljanu.

Sai a zuwana na gaba na same ta. Na ce ta, domin manyan da ke zama a rami ba sa yawo mata ne. Ramin yana ƙarƙashin wani faffaɗan dutse a ƙarshen lambu, kusa da bishiyar rumman, an yi masa shimfiɗa da farar yana kamar an lulluɓe shi da ƙyalle. Na zura siririyar ciyawa na motsa ta a hankali. Ƙafafu biyu suka fito suka dafa ciyawar, sannan sauran jikin ya biyo, launin ƙasa mai duhu, gashin yana ɗan ja idan rana ta taɓa shi. Ta tsaya, ni ma na tsaya. Daga nan ta koma da baya.

Kullum gab da magariba nakan je in zauna nesa kaɗan in jira ta leƙo. Baba ya lura. Idan na dawo sai ya ce, "Malam, ya amarya? Ta fito, ko har yanzu tana kulle?" Ya yi ta dariya shi kaɗai har tari ya kama shi. Goggo kuwa ta matsa sai na nuna mata abin da ke hana ni zama. Wadda ta goya ka ba a ce mata a'a. Na kai ta, na motsa ciyawa, gizo-gizon ya fito. Na zaci za ta yi ihu. Sai ta yi salati, ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa.

"Baiwar Allah," ta ce. "Danginta fa suka rufa wa Manzo asiri a kogo."

Mu da muka tashi muna kallon dutsen Sauru, inda kogon yake, daga bakin unguwa, babu wanda bai san wannan ba. A gidanmu ba a kashe gizo-gizo. Idan ya yi saƙa a ɗaki, sai a ɗauke shi da tsintsiya a kai shi waje ana ba shi haƙuri. Na ji daɗi a ranar, na ce a raina ta samu mai tsaro.

Da sanyi ya tsananta, gizo-gizon ya daina fitowa. Wata safiya na tarar ta toshe bakin ramin da yana haɗe da ƙasa, tsaf, kamar an yi yaɓe. Ga dabarar. Ta rufe ƙofa ta kwanta. Abin da ya rage shi ne in jira ɗumi ya dawo in ga ko za ta buɗe ƙofar nan da kanta. Idan ta buɗe, na samu amsar da na yi shekaru ina ɗaga duwatsu a kanta. Ba na buƙatar komai daga kowa. Abu ɗaya kawai nake so, a ƙyale dutsen nan.

Wata ranar Juma'a muka tafi masallaci ni da Baba, can ƙauyen da ke bayan tudu. Muna cikin salla ƙanƙara ta sauko. Ba irin wadda ake tsinta ɗaya-ɗaya ba, zuba ta yi har ta rufe ƙasa, muka fito muka ga duwatsu da gonaki sun yi fari fat. Muka dawo muna tafiya tana ƙara a ƙarƙashin takalmanmu. Ban shiga gida ba, na wuce ƙarshen lambu don in ga ramin a cikin ƙanƙara, abin da na daɗe ina so in gani.

Dutsen yana kife a gefe. An tone ramin da fartanya har ƙasansa. Yanar tana manne da laka, an tattaka ta.

Na tarar da Goggo a ɗaki ta hura kaskon wuta, fuskarta tana sheƙi don murna. Kusa da kaskon akwai ƙoƙo an shimfiɗa auduga a ciki, an rufe da faifai. Ta ɗaga faifan ta nuna mini. Ta ce da ta ga abin da ke sauka daga sama sai ta kasa zama, ta tuna baiwar Allah tana can a waje ba bargo. Ta tono ta ta same ta a ƙudundune, ba ta motsi, saura kaɗan ta mutu, amma da ta ji ɗumi ga shi ta farfaɗo. Lallai ta farfaɗo. Tana zagaya ƙoƙon tana kama gefe tana zamewa, ƙafafunta suna sarƙewa a auduga. An ɗiga mata nono a ɓawon rumman.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Da wani yaro ne ya yi wannan aikin, da na san abin yi. Da mugunta ce, da ta zo da sauƙi. Amma matar da ta tauna abinci ta ba ni ce, hannunta duk laka, zanenta ya jiƙe, tana jiran in gode mata.

Da ƙyar na ce, "Goggo, ba ta jin sanyi irin namu."

"Kai ka tambaye ta?"

Baba ya fashe da dariya. Ya ce amarya ta tare, sai a kawo kayan ɗaki.

Na yi ƙoƙarin bayani, ina kallon ƙasa. Na ce barci take yi, ba suma ba. Na ce ramin yana da laima, ɗakin kuwa hayaƙi ne da bushewa. Goggo ta ce ita ta baro ƙasar Kano tana yarinya, ta ratsa Sudan a ƙafa, ta ga abin da sanyin dare ke yi wa mai rai, ba littafi ne zai koya mata ba. Ta ce ba a fitar da baƙo a irin wannan rana, balle wannan baƙuwar. Magana ta ƙare.

Kwanakin da suka biyo baya muka shiga wani irin yaƙi marar sauti. Idan ta fita, sai in ja ƙoƙon zuwa bakin ƙofa inda iska ke shigowa, in cire audugar, in sa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan ta dawo, sai ta zubar da ƙasar, ta sake auduga, ta mayar da ƙoƙon gindin wuta, tana cewa yaran yanzu ba tausayi. Ina kallo cikin gizo-gizon yana motsewa kamar busasshen inabi. Ta daina zagaye. Na kasa karatu. Nakan buɗe littafi in zura wa layi ɗaya ido, ina jin ƙarar garwashi.

Na je na gyara ramin. Na mayar da ƙasar, na huda da sanda gwargwadon zurfin da na tuna, na ɗora dutsen a kan shatinsa. Da hantsi, Goggo tana wanki a bayan gida, na ɗauki ƙoƙon na kai can. Na karkata shi a bakin ramin. Ba ta shiga ba. Rami ne na sanda, ba nata ba, babu yana, babu ƙamshinta. Ta tsaya a bakin, ƙafa ɗaya a ɗage. Ina tsugune ina roƙon Allah ta shiga, sai na ji kukan Goggo daga gida, sannan muryar Baba yana kirana, wannan karon ba dariya.

Ya ce, "Mayar mata da abinta. Kana so ka sa uwarka kuka a kan ƙwaro?"

Na so in ce idan ƙwaro ne, me ya sa ba za a bar mini shi ba. Na sa faifai na kwashe ta na mayar.

Ba ta daɗe ba bayan haka. Wata safiya Goggo ta ɗaga faifan ta tarar ƙafafun sun naɗe ƙarƙashin ciki. Ta yi inna lillahi. Sannan ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, da tausayi, ta ce sanyin da na fitar da ita ta sha ranar nan shi ya kama ta. Da ma ta fara samun sauƙi.

Wannan maganar ce har yau ban haɗiye ba. An tone mata gida, an gasa ta a hankali a gefen kasko, sannan aka ɗauki mutuwar aka rataya mini. Kuma haka labarin ya tafi. Matar mai gadin lambun da ke kusa ta zo ta ji, ta kama baki. Kafin in sauka Makka labarin ya riga ni, cewa yaron nan mai littattafai, shiru-shiru, ya fitar da gizo-gizo cikin ƙanƙara ya mutu. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Amsar da nake nema kuwa ta tafi ke nan. Ban san ko da za ta buɗe ƙofar ba. Shekara ta gaba aka sayar da lambun, Baba da Goggo suka sauko gari, ni kuma ban sake samun dalilin hawa Hada da sanyi ba.

Ranar da gizo-gizon ya mutu, Goggo ta naɗe gawar a farin ƙyalle ta binne a gindin rumman. Ranar ban ci abinci ba. Da yamma Baba ya same ni a waje ya ce abin ya isa, in je in ba uwata haƙuri. Na shiga na durƙusa a gabanta, na faɗi kalmomin da ake faɗa. Ta dafa kaina ta ce ta yafe tun kafin in roƙa, Allah ma ya yafe mini, ƙuruciya ce. Ta zuba mini kunu mai zafi, ta gyara garwashi, ta matsa gefe ta yi mini wuri a kan buzunta.

"Matso kusa da wuta, ɗan nan. Hannunka kamar ƙanƙara."

Na karɓi kunun da hannu biyu, na koma bakin ƙofa na zauna. Ta sake kira, na ce nan ma ya yi. A nan na ci gaba da zama har ƙarshen sanyin shekarar, nan nake ci, nan nake karatu, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure tana dukan ƙafafuna har suka yi faso suna jini. Goggo ta narka kitse ta kawo ta shafa mini da hannunta, tana mita wai ba ta taɓa ganin yaro mai son wahalar da kansa irina ba. Na miƙa mata ƙafar, na bar ta ta shafa. Amma ban matsa ba.