Inna Iyatu, Ungozomar Da Ta Bi Masu Ciki Gida Lokacin Korona

Kafin matan awo su fara sauka daga babura, Inna Iyatu ta riga ta share barandar ƙaramin asibitin ƙauyensu a ƙasar Kiyawa, ta cika bokitin wanke hannu, ta jera bencina. Haka take tun da ƙuruciyarta. Yanzu furfura ta game kai, ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin ungozoma.

Shekarar da korona ta shigo, mata suka ɗauke ƙafa daga awo, don ana raɗe-raɗin duk wadda ta yi tari killace ta za a yi. Inna ba ta zauna jiransu ba. Ta ɗaura takunkumi, ta riƙa bin su gida-gida.

A haka ta tarar da Bilki, da cikin wata bakwai, kwance da zazzaɓi, numfashi sama-sama. Mijinta Sagiru ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, mura ce kawai. In kuka tafi da ita, yaushe zan sake ganinta?"

"Ɗana, mai ciki ba kamar kowa ba ce. Ciwon nan yakan sarƙe mata numfashi, ya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Rai biyu ne fa. Da ƙafata zan raka ta."

A cikin adaidaita, Bilki na jingine da kafaɗar Inna har asibitin Dutse. Gwaji ya nuna korona ce. Aka sa mata oksijin, naƙuda kuma ta taso, ta haifi bakwaini. Da aka sallame su, dangi suka ce a raba jaririn da uwarsa. Inna ta girgiza kai.

"'Yata, wanke hannu, ki sa takunkumi, ki ba shi nono. Shi ne garkuwarsa."

Yaron nan, Fa'izu, bana ya shiga firamare.

Ba kowacce ce ta tsira ba. Akwai wadda aka kira Inna a kanta a makare, har yau in an ambace ta Inna takan yi mata addu'a.

Inna, ke ce kika ƙaurace wa ɗaukar jikokinki a waɗancan watanni don gudun kada ki kai musu cuta, kika rungumi 'ya'yan wasu. Mun gode, Allah Ya saka da Aljanna.

Ku masu shigowa aikin, in mai ciki ta daina zuwa awo, kada ku ce ruwanta. Ku tashi ku je ku dubo ta.