Gawayin da Fanka Ke Ɗauka

Shekara talatin da ɗaya Malam Labaran ya yi yana tsaron tanderu a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Ɗalibai suka zo suka zama daktoci, daktoci suka zama farfesoshi, shi kuwa yana nan yana duba ma'aunin zafi, da yamma ya hau kekensa ya koma Tudun Wada. Ranar da ya yi ritaya aka yi masa dogon jawabi, aka miƙa masa ɗan kwali. A ciki, wasu baƙaƙen dunƙule biyu ne kamar soso.

A gida ya yi wa matarsa Maijidda bayani. Auduga ce, in ji shi, ake gasawa inda iska ba ta shiga, har ta koma gawayi mai ƙananan ramuka. In aka sa masa lantarki kaɗan, nan take yake ɗaukar zafi, ba wuta, ba hayaƙi.

Maijidda ta ɗora ɗaya a tafin hannu. Ita dai tun tana budurwa da nauyi take gane gawayin kirki, irin na ƙirya, wanda in ka buga shi yake amsawa kamar ƙarfe.

"Malam, shekara talatin da ɗaya, wannan suka ba ka? Ko mai gawayin bakin titi ba zai yi mini wannan cuta ba."

Washegari ta gwada ɗaya a kaskon turare. Kafin ta ɗauko turaren, dunƙulen ya cinye, ko tokar kirki bai bari ba. Malam ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya ɓoye ɗayan a aljihun rigar Sallah.

Sai marka ta zo. Kwana uku ana ruwa, ga 'yan tsaki arba'in da Maijidda ta sayo za ta fara kiwo. Gawayinta mai nauyi, wanda take ɗumama su da shi, ya jiƙe, ya ƙi kamawa. Huɗu suka mutu, sauran suka cure a lungu suna rawar sanyi.

Malam ya ciro ajiyarsa ya nufi shagon Vincent mai gyaran rediyo.

"Baba, burodi ne ya ƙone?" in ji Vincent da ya ga dunƙulen.

"Kai, nemo waya ka bar surutu. Farfesoshi sun yi taro a kan wannan."

Bai rufe baki ba fankar shagon ta kwashi abin da farfesoshi suka yi taro a kansa, ta jefa ƙarƙashin benci. Da rarrafe suka kamo shi. Vincent ya maƙala masa waya biyu, ya sa shi cikin gwangwanin madara mai huji don kada 'yan tsaki su tsattsage shi, aka haɗa da batirin sola na gidan Malam.

Kafin la'asar 'yan tsaki sun kewaye gwangwani, sun baje fukafukai kamar masu shan hantsi. Har marka ta wuce babu wanda ya ƙara mutuwa.

Maijidda ta taɓa gwangwanin, ta janye hannu.

"Gawayin banza ne dai, amma yana da biyayya. Malam, in na ƙaro wasu arba'in ɗumin ba zai isa ba. Ba su ba ka wani ba?"

"Sun ba ni," in ji Malam, ya dubi kaskon turare.

Maijidda ta tuna ta bar tukunya a wuta.