Ranar da Na Yi Shanya a Tsakar Gida

A gidanmu na haifi ɗana na fari, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu ya nasu. Daga Maigatari inda nake aure na dawo goyon ciki gaban Inna, mahaifiyata, kamar yadda kowace mai cikin fari take yi. Bazara ce, irin wadda yashi ke gasa tafin ƙafa tun da hantsi.

A zamaninmu ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa. In ya yi kuka sai kin jira an ce ki ɗauke shi, ki ɗauka kina ɓata rai kamar an aike ki inda ba kya so. In an tambaye ki lafiyarsa ki sunkuyar da kai. Ni kuwa na iya wannan kunya, har mata suna yaba wa Inna tarbiyya. Ba su san da na shiga ɗaki na saki asabari nake ƙare masa kallo ba, tun daga maɗiga har yatsun ƙafa.

Ina gab da gama wankan jego sai ga gwaggon mijina ta zo dubiya daga Maigatari. Doguwar mace ce mai murya, ita ta yi renon rabin zuri'arsu, kuma in ta yanke magana ko surukina ba ya sake ta. Ta iso da la'asar sakaliya, daidai lokacin da yaron ke rigimarsa ta kullum. Ta saurari kukan, ta dubi ƙirjina, ta taɓe baki.

"Wannan kukan yunwa ne," in ji ta. "Ku dubi yarinyar nan, me ke gare ta da za ta ba shi?"

Gaskiya ni ba mai jiki ba ce, kuma cikar da nonona ya yi a farkon haihuwa ta sauka, ya yi laushi. Washegari ta sa aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, a ga ko mai dafi ne. Tururuwa ta yi iyo ta fito ta kama gabanta. Na ce a raina shi ke nan, an wanke ni. Ashe da saura.

"Lafiyarsa ƙalau, amma ba shi da yawa," ta ce wa Inna. "Ɗiyata tana goyo, nata har zuba yake. In masu zuwa kasuwar Maigatari sun biyo, da shi zan tafi. Ita wannan ta ƙarasa wankanta ta huta."

Inna ta ce, "To, ɗa naku ne, yadda kuka gani." Me za ta ce? Ba a musu da dangin uba a kan ɗansu. Ni kuwa ina zaune a gefe ina tsince ƙaiƙayi a gero.

Abin da ya fi ci mini rai, na san yaron nan yana ƙoshi. Ba wanda ya koya mini. In ya kama, sai ya ja da sauri, can sai ya lafa, in riƙa jin haɗiyarsa ƙwat, ƙwat. Yakan fara da hannu a dunƙule kamar ɗan dambe, kafin ya gama yatsun sun saki, ya ture ni da kansa. Sannan ga tsummokaransa. Ni nake wanke su, na san yadda suke jiƙewa ɗaya bayan ɗaya, fitsarin fari tas, kashin kuma rawaya. Rijiyarmu mai zurfi ce, da kyar ake cika tulu, har Inna takan yi mita wai yaron nan zai ƙarar mata da randa. Kukan yamma kuwa halinsa ne, haka yake har ya yi gemu, in rana ta yi sanyi sai ya nemi abin faɗa.

Duk wannan ina da shi a ciki, amma ta ina zan fara? Sai na yi dabara. Da ma a bayan ɗaki nake shanya, inda ido ba ya kaiwa. Ran nan na tara na wuni da kwana, na wanke, na fito da su tsakar gida. Na jera a kan zana, na ɗora a kan turmi, na rataya a ƙafar rumbu, har da zannuwana biyu da ya jiƙa a goye. Gida ya koma kamar rumfar 'yan koli. Na koma na zauna kamar ban san an yi ba.

Gwaggo ta fito ta tsaya tana kallo. "Wankin kwana nawa aka tara haka?"

"Na jiya zuwa yau ne," in ji Inna. "Randata ce shaida."

Na ga Gwaggo ta gane abin da nake nufi sarai. Amma ba ta saba janye magana ba. Ta ce fitsari ai ba ƙiba ba ne, kowane jariri yana yi.

Ranar tafiya ta zo. Muna jin jakuna a ƙofar gida da hayaniyar masu zuwa kasuwa. Gwaggo ta ɗaura ɗamara, ta ce wa Inna ta miƙo majanyi. Yaron yana kwance a tabarma ya fara motsa baki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na riga ta kai hannu, na ɗauke shi, na zauna daram a tsakiyar gida, gaban maƙwabta da suka shigo sallama, na sa shi a nono.

"Gwaggo, don Allah ku matso ku saurara."

Ta matso, don mamaki ne ko don fushi ban sani ba, ta duƙa. Shi kuwa kamar ya san abin da ake ciki, ya shiga haɗiya, ana ji har bakin murhu. Na bar shi bai saki ba sai da ya ga dama. Da ya saki, nono ya gangaro ta gefen bakinsa, hannunsa ya faɗi a buɗe a kan cinyata, ya yi gyatsa irin ta manya.

Na ɗaga kai na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Ɗana ya ƙoshi. Ni ce uwarsa, na sani."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata maƙwabciya ta yi salati. Gwaggo ta karɓe shi, ta ɗaga shi sama da hannu biyu tana jin nauyinsa, ta buɗe matsematsinsa ta ga ninkin da ya fara yi. Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta dangwara mini shi a cinya.

"Riƙe abinki, marar kunya," in ji ta. "Allah Ya raya."

Ita kaɗai ta hau jaki. Labari kuwa ya riga ni isa Maigatari, shekara da shekaru ana nuna ni a gidan biki, wai ga wadda ta ce ɗana a gaban surukai. Ko a jikina. Yaron ya tsufa yanzu, da jikokinsa, kuma har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. Sau ɗaya tak na ce nawa ne a bainar jama'a, kuma ranar ce ya kwana a bayana maimakon bayan wata mace.