Mai Gadin Yashi

Yayana yashi yake gadi. Kada ku yi dariya, na riga ku yi har na gaji. Kullum da safe zai ɗauki sandarsa da wata kujerar roba mai karyayyen hannu, ya gangara bakin kogi, ya zauna yana kallon yashi kamar wanda aka bar wa jariri.

Da can ba haka yake ba. Mai Fito ake ce masa, don shi ke ƙetarar da mutane da kwalekwale tun ina yarinya. Mutum ne mai ƙarfi da tsawa. In ya kafa gora a ruwa ya ce kowa ya zauna, ko liman ne sai ya zauna. Sunan bai bar shi ba har yau, amma gorar ta daɗe da zama abin shanya.

Ruwan sama ne ya canza hali. A da yakan zo a hankali, kogi ya cika, ya zauna mana har tsakiyar rani. Yanzu sai ya yi shiru har shuka ta fara ƙonewa, sannan ya zo a haukace, kogi ya tumbatsa, ya cinye gonakin bakin gaɓa, ya wuce abinsa. In yana gudu, ba mai hankalin da zai sa kwalekwale. In ya lafa, da ƙafa ake ƙetarewa. Aka kife kwalekwalen Yaya a bayan gida, kajina suka samu wurin yin ƙwai.

Rijiyoyi suka bi sahu, ɗaya bayan ɗaya. Mu mata muka sha wuya, wallahi. Ka tashi da jarka tun da sanyin safiya, ka dawo rana ta take, ruwan da ka samo kuma ja wur da shi. Wuyana har yau bai koma daidai ba.

Sai ƙungiyar masu amfani da ruwa ta garinmu ta samo wata injiniya, 'yar siririya mai hular kwano. Ta bi kogin tana ƙwanƙwasa ƙasa har ta samu inda dutse yake a shimfiɗe, ta ce a nan za a gina katanga a gicciye. Muka kwaso duwatsu, maza suka kwaɓa siminti. Da aka gama, katangar ko ƙirjin mutum ba ta kai ba.

Yaya ya zagaya ta, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan ko ɗan akuya ba za ta tare ba, balle kogin da na sani."

Damina ta zo ta wuce, muka je gani. Tirƙashi! Ba ruwa ko ɗigo. Yashi ne ya cika bayan katangar maƙil. Na tare injiniyar na ce, "'Yar nan, ruwa muka roƙa, ba wurin wasan yara ba."

Ta yi dariya ta ce, "Inna, ai yashin nake nema. Ruwan da ke fili rana ke shanye shi. Wanda ya shige cikin yashi kuwa, yana nan a ɓoye sai kun neme shi."

Ashe ta binne bututu a ƙarƙashi, ta haɗa shi da famfon hannu a gaɓa. Ranin nan kaf muka yi ta buga ruwa, fari tas, mai sanyi. Yaya ya sha, ya ƙara sha. Daga ranar bai sake zagin katangar ba.

To, ga inda matsalar take. Yashin da kogi ya wanke ya tara mana shi ne irin wanda magina ke hauka a kansa. Ba a daɗe ba tipa ta fara leƙowa. Injiniya ta faɗa mana ƙarara kafin ta tafi: duk motar yashin da aka kwashe, ruwan wasu gidaje ne aka kwashe, kuma ramin da aka bari shi zai buɗe wa rana hanya. Ƙungiya ta nemi mai gadi wanda ba ya tsoron ido, kowa ya ce Mai Fito. Haka ya koma kogi, wannan karon da kujera.

Ya kori direbobi da yawa. Wani ya zo da lallashi, wani da zagi, wani ya ce shi yaron wani babba ne. Yaya ya ce ko yaron wa ne, ya juya.

Sai dai Yaya yana da ɗa guda namiji, kuma tipa yake tuƙawa. Direba muke ce masa. Ba ɓatacce ba ne, kada wani ya ce na faɗa. Manomi ne tun farko, kogin nan ne ya cinye masa gona a damina ɗaya, da masarar da komai. Ya koyi tuƙi don ya ciyar da matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ke zaune a gidan Yaya, su ne kuma hasken gidan tun rasuwar matar Yaya.

Ranar da abin ya faru ina bakin famfo da tsakar rana. Na ji ƙugin mota, na ɗaga kai. Direba ne, da masu shebur a baya. Ya sauko ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa. Ɓatan hanya ka yi?"

"Baba, mai mota ne ya aiko ni. Ya ce ai garinmu ne, kuma ubana ne mai gadi. Ya ce ko in kawo yashin nan, ko in ajiye masa makulli."

Direba ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Sahu ɗaya kawai, Baba. Daga can gefe zan ɗiba, ba wanda zai gane."

Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya, na ajiye bokiti na ce, "Haba Yaya, sahu ɗaya me zai rage? Ɗanka ne fa!"

Ya juyo ya dube ni. "Ke, in na bar shi yau, gobe me zan ce wa ɗan wani?"

"Ka ce masa shi ba ɗanka ba ne!"

"To shi ke nan, sai ki koma ɗaukar jarka."

Na ji haushinsa, na kuma san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Direba ya miƙe, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba, kogin nan ya ci gonata, ba wanda ya yi min gadinta. Yau kuma saboda shi za ka raba ni da abincina?" Ya juya ya ce wa masu shebur su sauka.

Yaya ya ɗauki kujerarsa, ya taka a hankali, ya ajiye ta a bayan motar, daidai inda za ta ja baya ta shiga yashi. Ya zauna, ya ɗora sanda a cinya. Mata suka daina buga famfo. Masu shebur suka tsaya suna kallon juna, ɗaya ya ce shi kam ba da shi ba, ya koma mota.

Direba ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Gwaggo, kin dai gani." Ya hau ya tafi da mota wayam.

Mai mota ya karɓe makullinsa. Direba ya yi ta neman aiki a kusa bai samu ba, don labari ya zaga cewa shi ne wanda ubansa ya kora. A cikin gida ɗaya suke, amma gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Daga baya ya samu tuƙi a wani gari mai nisa, ya ce da iyalinsa zai tafi. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce ko yaran ya bar mana. Ya ce, "Gwaggo, wanda ya zaɓi yashi, yashi ya ɗebe masa kewa."

Ƙungiya ta yaba wa Yaya a taro, aka tafa masa. Ni ban tafa ba. Cikin masu tafin akwai waɗanda ke sayar wa masu tipa yashi a can sama da mu, inda gadin Yaya bai kai ba. Bana ma sai an daɗe ana bugawa kafin famfo ya kawo.

Ranar tafiyarsu Yaya ya riga kowa zuwa famfo. Ya buga da kansa, ya cika sabuwar jarka, ya ɗauko ta a kafaɗa har bakin titi, yana haki. Ya ajiye kusa da kayansu ya ce, "Saboda yara, hanya da nisa."

Matar Direba ta kai hannu za ta ɗauka, mijinta ya ce, "Bar shi." Aka loda kaya, aka sa yara, suna ta ɗaga wa kakansu hannu. Mota ta tashi, jarka tana nan a bakin titi.

Na ce, "Yaya, kawo in kai gida."

Ya girgiza kai. Ya sake ɗora ta a kafaɗa, ya gangara kogi, ina biye da shi. Ya shiga tsakiyar yashi, ya durƙusa, ya tona rami da hannunsa, ya tuttula ruwan a hankali har ya ƙare. Sannan ya mayar da yashi ya rufe, don kada rana ta sha.