Maƙerin Zinyau da Libarbar Soja

Ramalan maƙerin Zinyau mutum ne da ba ya iya ganin karkataccen abu ya wuce. Ko baƙunci ya je gidanka, ya hangi ƙotar fartanya tana rawa, ba zai taɓa furarka ba sai ya tsare ta. Ana yi masa dariya, amma da damina ta kawo kai wurinsa ake tururuwa. Shi ne mai garma da lauje, shi ne kuma mai gyara wa maharba bindigoginsu tun daga Rurum har ƙasar Kibiya. Magana ba ta dame shi ba. In ka ji muryarsa, to ƙarfe yake yi wa faɗa.

Yana da ƙane, Mato, wanda ya raina bayan rasuwar ubansu. Sai ka rantse ba ciki ɗaya suka fito ba. Mato a Unguwar Gai ya zauna, ɗan tauri ne na gaske, da ya ji kiɗa ya fita hayyacinsa, ya yi ta yanka cikinsa da wuƙa tana lanƙwashewa. Ramalan na ƙaunarsa kamar ransa, ko da yake bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba.

A shekarun nan da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, Mato ya samo abin da ya ce maganin bindiga ne, wata laya ɗinkakkiya da jar fata. Ya rataya wa bunsuru, ya kira Ishiyaku na Rurum Sabon Gari, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da libarba ɓoye cikin kayansa, 'yar bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa. Ishiyaku ya auna ya harba, ya sake harbawa, ƙasa kawai ke tashi a gefe. Bunsuru ko ƙwarzane. Nan take Mato ya rantse gaban jama'a, in an gama yankan dawa shi da kansa zai tsaya gaban bindigar.

Da labari ya iso Zinyau, Ramalan ya rufe maƙera ya tafi ya same shi.

"Wuƙa daban, harsashi daban. Ka bar wannan zancen."

"Na ji, Yaya," in ji Mato, kansa a sunkuye. Kai, Mato! Tun yana yaro da wannan ladabin yake cin mutane.

Ashe 'yan tsegumi sun riga sun hura wuta. Suka ce wace laya, ai bindigar Ishiyaku ko rumbu aka tsayar mata ba za ta samu ba. Maganar ta soki Mato, ta soki sojan. Suka ƙulla cewa sai an gyara ta, a rufe bakin kowa. Ishiyaku fa ba mugu ba ne. Ya yarda da layar har zuciyarsa, don ya ce ya ga irinta ta yi aiki a dajin Bama.

Wata safiya ya zo maƙera da bindigar naɗe a tsumma, ya ce kura ta addabi tumakinsa.

"Ba dai zancen Mato ba?" in ji Ramalan.

"Haba Malam Ramalan, ai an bar wannan tuni."

Da Ramalan ya ƙara matsa masa, wataƙila da gaskiya ta fito. Amma ya riga ya warware tsumman, idonsa ya riga ya faɗa kan ƙarfen. Bai taɓa riƙe irinta ba. Ya ɗaga ta saitin rana, ya leƙa ramukan gidan harsashin ɗaya bayan ɗaya, ya gwada tura dalma ta bakinsu, ta ƙi wucewa. Ga ciwon nan. Bakin ramukan ya matse, harsashi na fitowa a tsuke, ya shiga bututu yana lilo, ya tafi inda ya ga dama. Ramalan ya ji abin na yi masa ƙaiƙayi a tafin hannu. Mato ya fita daga ransa fit.

Ya ajiye aikin mutane, ya zauna mata da siririn ƙarfe da mai, yana murzawa a hankali yana gwadawa, har dalma ta riƙa wucewa sumul a kowane rami. Ran da Ishiyaku ya dawo suka fita bayan duwatsu, suka kifa duma kan kututture. Harbi ɗaya, duma ya tarwatse. Ramalan ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, abin da matarsa Barira ma ba kullum take gani ba.

Aka yanke dawa, aka kai rumbu. Ran wata Alhamis da hantsi Barira ta dawo daga gidan suna, tana ninke mayafi ta ce, "Malam, ba ka je kallo ba? Mata na ta zancen yau ƙanenka zai tsaya wa bindigar soja a bayan Unguwar Gai, wai can cikin kwari don kada 'yan doka su ji."

Ramalan ya saki awartaki da jan ƙarfe a bakinsa. Ya fizgi keken maƙwabci ya kama hanya. Hanya duk yashi da kututturen kara, inda keke ya ƙi ya sauka ya tura da gudu, inda ya yarda ya hau. Tun daga nesa ya fara jiyo kiɗan tauri.

Ya tarar da fili ya cika. Mato na tsaye a tsakiya ba riga, laya a ƙirji, idonsa ja, jikinsa na ɓari da kiɗa. Ishiyaku na gabansa, bai fi tsawon igiyar guga ba.

Ramalan ya kutsa yana ihu. "Ku tsaya! Na gyara ta! Ba ta kuskure yanzu, na rantse da Allah ba ta kuskure!"

Mato ya waiwayo, fuskarsa ta cika da murna. Ya ɗaga hannu sama.

"Kun ji ko? Yayana ne wannan, maƙerin Zinyau, kun san ba ya ƙarya! Ina masu cewa bindigar ce ba ta da kyau?"

Fili ya ɗauki sowa. Makaɗa suka ƙara wuta. Wasu 'yan tauri suka rungume Ramalan suna yi masa kirari, suka riƙe shi gam, don a al'adarsu ba a shiga tsakanin namiji da rantsuwarsa. Yana fizga yana kiran sunan ƙanensa, kiɗa ya danne muryarsa. Ta saman kafaɗunsu ya ga Ishiyaku ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya.

Ƙarar ba ta ma kai ta bindigar maharba ba. Kiɗa ya tsaya. Waɗanda suka riƙe Ramalan suka sake shi da kansu.

Shi ya yi wa gawar Mato wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Da aka zo gaisuwa, wani tsoho ya ce laya ce ta karye, wataƙila Mato ya ƙetare wani sharaɗi. Jama'a suka gyaɗa kai. Ramalan ya ɗago ya dube su.

"Layar ba ta taɓa yin komai ba," ya ce. "Da can bindigar ce ke tsare shi, ni na gyara ta."