Bokitin Tokar da Baba Ya Ajiye a Ƙofar Fili

Shekarun baya, lokacin ina 'yar sakandare a Bungudu, ƙarar rariya ce take tashina duk ranar da za a yi wasa. Shas, shas, shas, daga bayan ɗakin girki. Kafin in buɗe ido warin toka ya riga ya shigo ta taga, busasshen warin nan mai kama maƙogwaro. Mahaifina ne yake tankaɗe.

Baba manomi ne, gonarsa tana hanyar Furfuri. Amma in ka tambayi mutanen gari, cewa za su yi mai layi. Shi yake ja wa filin ƙwallonmu layi da toka tun kafin a haife ni. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa. Yakan bi masu tuyar masa da gidan burodi ya tara tokarsu, ya tankaɗe ta har ta yi laushi kamar garin tuwo, ya zuba a gwangwanin da ya huda gindinsa da ƙusa. Ni ce mai riƙe igiya. Nakan tsugunna in danne bakinta a turke, shi kuma ya bi ta a sunkuye yana karkaɗa gwangwani, farin layi yana fitowa a bayansa kamar ana rubutu a kan jar ƙasa.

"Ja ta da kyau, ɗiyata," yakan ce. "In layin ya karkace ni za a zaga, ba ke ba."

Filinmu ba katanga, ba kujera. Bishiyoyin darbejiya biyu ne a gabas, dattawa su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi, samari kuma su yi cincirindo a bakin layi, har sai mai jifa ya ce a gafarta masa kafin ya sami wurin ja da baya. Wani lokaci akuya takan ratsa ta tsakiya, alƙali ya busa usur, a jira ta wuce. In an tafi hutun rabin lokaci sai a zagaya da hula, abin da aka jefa ciki shi ake ɗinke raga da shi. Waɗanda suke samu da gaske su ne masu rake da gyaɗa da kunun zaƙi. Amma in aka ci ƙwallo a filin nan, har mata a cikin gidaje sukan san wa ya ci, don ihun yakan zo da sunansa.

Muna da gola, wani dogon mutum mai shiru, wanda bai taɓa sa safar hannu ba. Duk lokacin da za a bugo masa kwana, sai ya sunkuya ya shafa tafukansa a kan layin raga, ya miƙe. Ni da yawan mafarkina har na rubuta a bayan littafin lissafina cewa golanmu yana gaisawa da ƙasa kafin ta karɓe shi. Na ji daɗin jimlar nan ƙwarai, na yi mako ina karanta wa kaina ita.

Shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyarmu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Muka kai wasan kusa da na ƙarshe, aka buga a Tsafe, Baba ya tafi da ni. Su can zana suka kewaye filin da ita, suka bar ƙofa ɗaya ana karɓar kuɗin shiga. Wanda bai biya ba sai ya hau dutse ya yi kallonsa kyauta, har ya fi na ciki gani. Ihu a filin Tsafe sau biyu ake jinsa, na mutane, sannan wanda duwatsu suka maido. Baba kuwa ba abin da ya kalla sai layinsu. Ya taka, ya murza da yatsa, ya ce farar ƙasa ce, kuma mai jan ya cika hannu.

Muka ci su ɗaya da nema. A mota Baba ya yi ta lissafin yawan tokar da zai tara, don a ransa wasan ƙarshe a filinmu za a yi. Shekara da shekaru yana ja wa wasannin unguwa layi, yau ga kofi zai zo kan layinsa.

Bayan kwana uku aka ce a babban filin Gusau za a buga. Masu shirya gasar suka ce can akwai katanga da ƙofofi da tikiti, abin da za a tara a yini ɗaya hularmu ba za ta tara shi a shekara ba. Gaskiya suka faɗa. Da Baba ya ji, sai ya ce, "To, wa za ya ja masu layi?"

"Baba, can fenti ake yi," na ce. "Ba irin filinmu ba ne."

Na taɓa zuwa filin sau ɗaya, wasannin makarantu, na dawo kaina ya kumbura. Matakalan siminti hawa-hawa, rumfar kwano ta manyan baƙi, lasifika, ciyawa. A can na yi wata ƙawa 'yar Tudun Wada, mai hijabi a goge da Turanci a baki, wadda nake so ƙwarai ta ɗauke ni 'yar birni. Muka yi alkawari za mu haɗu a ƙofa ranar wasa, ita da yayyenta mata.

Ranar ta zo da ruwan sama tun asuba. Yana ɗaukewa na ji rariya. Shas, shas, shas. Na fito na tarar Baba ya cika ƙaramin bokiti, ya rufe da leda, ya ɗaure baki da tsumma.

"Baba, ina za ka da wannan?"

"Gusau mana."

Mahaifiyata ta yi mini ido in ƙyale shi. Amma tun daga tasha har cikin gari bokitin yana kan cinyarsa, ni kuma ina kallon taga kamar ba tare muke ba.

A ƙofar fili mutane sun yi layi. Ga ƙawata can da yayyenta, tana ɗago mini hannu. Mai duba tikiti ya nuna bokitin ya ce, "Malam, me ke ciki?"

"Toka ce."

"Toka? Wanki za a yi?"

Na baya suka yi dariya. Wani ya ce, "Ku bar shi, mutanen Bungudu sun zo da guzurin miya." Mai ƙofar ba mugu ba ne, shi ma murmushi yake, ya ce in Baba yana so ya shiga da abinsa, ba laifi. Amma na ga ƙawata ta kai gefen hijabi bakinta.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Baba, don Allah ka ajiye. Ana kallonmu."

"Ɗiyata, ai wagga tokar ba..."

"Don Allah, Baba. Na gaya maka fenti ake yi. Kowa dariya yake mana."

Muryata ta karye a kalmar ƙarshe. Ya dube ni, ya dubi 'yan matan, ya sake dubana. Bai ƙarasa maganarsa ba. Ya fita daga layi, ya kai bokitin gindin katanga, ya ajiye a hankali, ya gyara masa leda kamar zai dawo ya ɗauka. Ya goge hannu a rigarsa ya ce, "Shi ke nan. Mu shiga."

Filin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ciyawa ta sha ruwa tana sheƙi, layin fenti fari fat, miƙaƙƙe, ba inda ya yi kauri. Mun sami wurin zama a kan siminti, ba wanda ya taka ƙafata. Sai dai 'yan wasan sun yi nisa, sun koma ƙanana. A gida ina jin numfashinsu da zagin da suke wa juna. A nan lasifika kawai nake ji. Mutanen garinmu da suke cika filinmu har ya yi ambaliya, a nan kusurwa ɗaya suka tsuguna, ihunsu yana tashi ya ɓace a sama.

Na ga golanmu ya sunkuya ya shafa layin raga, ya dubi tafukansa, ya goge a wando. Ya juya yana duban wajen 'yan kallo, ya daɗe. Baba ya sunkuyar da kai.

Saura kaɗan a tashi aka bugo kwana. Golanmu ya yi tsalle ya kama da hannu biyu, ƙwallon ta sulluɓe kamar sabulu, ta faɗa raga. Ita kaɗai aka ci. Da muka fito Baba ya duba gindin katanga, bokitin ba ya nan. A hanya ya saya mini rake, ya ce 'yan wasanmu sun yi ƙoƙari.

Bai daina jan layi ba bayan nan, sai dai ni na daina riƙe igiya, wai na girma. Wani turke ya ƙara kafawa a madadina. Ƙungiyarmu ba ta sake kai wasan ƙarshe ba har Allah ya karɓi ransa. Allah ya jiƙansa.

Yanzu a Gusau nake zaune, nakan wuce ta gaban filin nan. Nakan ji maza suna gardama kan filayen ƙwallo, na gida da na Turai, wanne ya fi ɗaukar mutane, wanne ya fi kujeru, wanne ya fi kawo kuɗi. Ba na sa baki. Na zauna a filaye uku kacal a rayuwata, kuma wanda ba shi da ko kujera ɗaya shi nake mafarkinsa. In maƙwabta suna tankaɗen gari da safe, nakan tsaya da abin da nake yi har su gama.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa laifina ranar nan ƙarami ne. Tsoho ya yi kuskure, ya ɗauki toka zuwa filin fenti, 'yarsa ta ji kunya. Wa bai taɓa ganin iyayensa sun ba shi kunya ba yana ɗan shekara goma sha biyar?

Bara na shiga motar Tsafe zan je biki, sai na ga direban golanmu ne, gemu ya fara fari. Ya gane ni ta madubi, ya yi wa Baba addu'a, hira ta kai mu ranar Gusau.

"Kin san ni ban iya safar hannu ba," ya ce. "Tokar layi nike shafawa, ita ka shanye min gumi da ruwa, ƙwallo ta zauna. Da munka ji can fenti ne, ni na je gidanku na roƙi Baba ya zo min da ita ko kaɗan, ya miƙo min ta bayan raga. Na yi ta dubansa ranar, ban gan shi ba."

Na ce, "Da kuka haɗu me ya ce maka?"

"Haƙuri ya ba ni, Allah sarki, har sau uku. Ya ce tsufa ne. Wai ya tankaɗe ta tun da safe, ya manta bokitin a gida."