Girki a Ƙofar Gidan Taubashina

Motar ba wata mota ba ce. Tsohuwa ce fara mai dogon baya, ta wani furoje, irin ayyukan agajin nan, da ya tashi daga Gure ya bar tarkacensa. Na saye ta, na cire kujerun baya, na shimfiɗa katako da katifa, na ɗaure murhun gas a gefe, ga jarkar ruwa, ga akwatin kayan aiki. Gyaran injin ban ruwa ne sana'ata. Masu lambu a kwarurruka ba sa son ɗauko inji su kawo gari, sai ni in bi su, in kwana inda rana ta faɗi mini. Mutanen unguwa suna ce wa motar ɗakin gwauro, alhali ina da mata da 'ya'ya. Ban taɓa kula su ba. Rabinsu ko jaki ba su mallaka ba.

Da korona ta zo aka rufe iyaka, aka hana taro, har masallaci aka ce a dakata, sai na ajiye motar a bayan gida. Wasu sun ci gaba da harkarsu kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na kulle kaina da rediyo. A aji na shida na bar lakwal, wato makarantar boko, amma ɗan Faransancin da ya rage mini ya ishe ni in ji adadin matattu na ƙasashen da ban san inda suke ba. Ga shi ina da tsohon tari na hayaƙin inji. Tsoro ya shige ni, sai na riƙa kiransa ilimi. Kowa ya zama jahili a idona, har da uwargida.

Ko da aka saki mutane, ni ban saki kaina da wuri ba. Sai da ɗan kawuna ya yi ta kira. Taubashina ne, yana da lambun dabino da rogo a wani kwari gaba da Gidigir. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba, kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne. Ni mutum ne mara abokai, bakina ya kore su. Gidansa kaɗai ne a duniya inda ake zagina ina jin daɗi.

"Bawa, injina ya mutu, rogo na bushewa," in ji shi a waya. "In kai ma ka mutu, ka faɗa mini in zo in gaji motar."

Na kori kaji daga ƙarƙashinta, na sa batir, na kama hanya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Da na sauka daga kwalta na rage iskar tayu na shiga rairayi, tuddai suna buɗewa, kan dabinai yana leƙowa daga ƙasa, sai na ji ina waƙa ni kaɗai da wannan mummunar muryar tawa.

Na iso bayan azahar, maza suna zaune a inuwa a ƙofar gidansa. Tun daga nesa ya taso yana ihu.

"Ga gudajjen bawana ya dawo! Ku duba, ya yi tumbi da hatsin matarsa!"

Ya cafke hannuna da hannu biyu yana jijjigawa. Yana saki, na sa hannu a aljihu na ciro 'yar kwalbar ruwan nan na shafawa mai warin giya, na matsa, na murza tafi da bayan hannu har tsakanin yatsu. Ban ma yi tunani ba, hannun ya saba. Shi kuwa ya ɗaga hannunsa ya shinshina.

"Kashin awaki ne kawai, bawa. Da shi aka rene ka."

Aka fashe da dariya. Ya buɗe mini ƙofa ke nan, abin da ya rage in rama da zagi a wuce wurin. Maimakon haka sai na tsaya ina yi musu karatu. Na ce cutar ba ta tafi ba, na ce su ba su san komai ba don ba sa jin rediyo, na jefa kalmomin Faransanci da ni kaina ban tabbatar da su ba. Dattawa suka sunkuyar da kai suna jan carbi.

Matarsa, wadda nake tsokana da cewa matata ce, ta leƙo ta ce, "Sannu da zuwa, mijin wahala. An share maka ɗaki, har turare na sa don warin man injinka." Na ce ta bar shi, a mota zan kwana. An yanka mini ɗan akuya, na ce cikina ba daɗi. Da la'asar na buɗe bayan motar, a nan ƙofar gidansa, na kunna gas na ɗora tukunya, na dafa makaroni da kifin gwangwani. Mata masu dawowa daga rijiya suna rage tafiya suna kallo. Ni a zatona motar suke sha'awa.

Ina cikin ci wani tsoho maƙwabcinsa ya zo wucewa. Ya dube ni, ya dubi tukunyar, sannan ya juya wajen ɗan kawuna, bai ko rage murya ba.

"Kai, me ya haɗa ka da ɗan gwaggonka har ka hana shi tuwo? Ubanka bai taɓa barin ko Buzu mai wucewa ya hura wuta a ƙofar nan ba."

Na ajiye cokali. A daji na saba girkina, ba wanda ya damu. Amma wanda ya ɗora tukunya a ƙofar ɗan'uwansa, ya gaya wa gari duka cewa gidan nan ya ƙi ciyar da shi. Na san wannan, a cikinsa aka haife ni. Ban san inda na ajiye shi ba. Ɗan kawuna ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya shiga gida.

Da safe muka gangara lambu. Injin ba abin da ya same shi sai datti a kaburata. Na kwance ina wankewa, shi yana tsaye a gefe, hannu a baya.

"Kai bawa, miƙo mini ƙarfen can," na ce. "Ko shi ma sai ubangidanka ya koya maka?"

"Ga shi, Malam."

Na ɗago na dube shi. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na samu abin kamawa. Na sake gwadawa. Na ce rogonsa ya yi kama da ƙafafunsa, na ce na zo karɓar matata da ya riƙe mini. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Injin ya tashi, ruwa ya bi kwalbati ya shiga fangali, ya ce an gode, Allah ya saka da alheri. Tunda nake gyara masa inji bai taɓa gode mini ba, cewa yake aikin bawa ne.

Da rana na haɗiye girman kaina na ce yunwa nake ji, yau a ciki zan ci. Ya ce bismilla. Na shiga zaure na tarar an shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai a jikin bango. An ajiye buta da sabulu, da faranti, da cokali, da sabon kofi wanda ko takardar kanti ba a ɓare masa ba. Shi da ƙannensa suka kewaye kwano ɗaya a ɗaya gefen, suna ta hira ƙasa-ƙasa. Naman ɗan akuyan jiya ne, an zaɓo mini wuri mai kyau. Na so in ja jiki in tsoma hannu a nasu. Na kasa. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba, na zauna ina ci da cokali kamar wani ma'aikacin gwamnati da ya zo ƙidayar awaki.

Da zan tafi ya sa aka loda mini dabino, ya rako ni har bakin mota. Bai miƙo hannu ba, ya dafa ƙirjinsa ya ce a gaida iyali.

Har yanzu yana kirana in injin ya lalace, ina zuwa. Yana tambayar lafiyata, da ta uwargida, da ta yara ɗaya bayan ɗaya, da gajiyar hanya. Ni kuma in amsa, lafiya lau.